Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da masu wa'azi: ku koya mana dogarar da za ta tsaya ranar wuya

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci, masu bishara, dattawan ikkilisiya, da duk mai tsayawa gaban jama'ar Allah da Littafi Mai Tsarki a hannu.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin hidima. Ni ɗaya ne daga cikin masu zama a benci suna sauraronku, ba ni da wani muƙami a ikkilisiya, kuma da ladabin ɗa ga iyayensa nake rubuto muku. Na zaɓi in yi maganar a fili domin ba ta tsaya kan ɗarika ɗaya ba, ta shafi duk inda ake wa'azi ga mutanen da rayuwa ta matsa.

Abin da ke damuna shi ne irin dogara ga Allah da ake koyarwa a mumbari da yawa yanzu. Ana gaya mana cewa in bangaskiyarmu ta kai, ciwo zai tafi, bashi zai biyu, ƙofar da ta rufe za ta buɗe, kuma ba da jimawa ba. Na gaskata Allah yana warkarwa, yana buɗe ƙofa, na kuma gani da idona. Amma in wannan kaɗai aka ba mutum ya riƙe, ranar da ciwon ya ƙi tafiya sai ya rasa makama. Hanya biyu ce ke rage masa: ko ya ce Allah bai cika alkawari ba, ko ya ce shi ne bai isa ba. Mutanen kirki yawanci ta biyun suke bi. Sai su haɗiye maganar, su ci gaba da zuwa sujada da fara'a a fuska, zuciya kuwa kullum tana yanke musu hukunci.

Ku ɗan duba jama'a da kyau a lokacin ba da shaida. Wata 'yar'uwa ta miƙe ta ce likita ya sake gwaji bai ga komai ba, majami'a ta ɗauki tafi, kuma ya dace a yi tafin. A layi na uku daga baya akwai wani dattijo da ya ninke takardar asibiti gida huɗu ya cusa ta cikin Littafi Mai Tsarki. Shi ma yana tafi. Addu'ar da ta yi ita ya yi, azumin da ta yi shi ya yi, amma tasa takardar cewa ta yi ƙarin ya ƙara girma. Da aka ce daga mumbari, “Naka na nan tafe, ka karɓa da bangaskiya,” ya ce amin a hankali. Ana tashi ya sulale kafin a fara gaisawa, don kada wani ya tambaye shi yaya jiki. Iyayenmu, wannan dattijon ma tunkiyarku ne, kuma ya koma gida ba a yi masa wa'azi ba.

Ku ne kuka koya mana cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kuma wannan ba yin kanmu ba ne, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Haka yake a Afisawa 2:8-9. A Romawa 5 kuma Bulus ya ce tun muna marasa ƙarfi Almasihu ya mutu dominmu, tun muna masu zunubi. To, in babban ceto, wanda ya ci jinin Ɗan Allah, ba a saye shi da ƙarfinmu ba, ta yaya taimakon Allah a ranar wahala zai zama abin da ake saye da yawan bangaskiya? Duk ranar da aka ce wa mai ciwo, “Da bangaskiyarka ta isa da ka warke,” an mayar da bangaskiya aiki, an mayar da alheri lada. An ɗauke idon mutum daga kan Almasihu an ɗora shi a kan ma'aunin zuciyarsa, ya yi ta aunawa dare da rana ko ta kai. Ai ba za ta taɓa kaiwa ba. Mahaifin yaron nan na Markus 9 da kuka ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma Yesu bai kore shi ya je ya cika mudun ya dawo ba. A nan take ya warkar da yaron. Ƙarfin yana wurin wanda aka dogara gare shi.

Ina roƙonku ku daɗe tare da mu a 2 Korantiyawa 12, ku daina wucewa ta kai a gurguje. Bulus, mutumin da ke magana a wurin, ba sabon tuba ba ne. A sura ta 11 ya lissafa abin da ya sha: sau biyar an yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku an duke shi da sanduna, sau ɗaya an jajjefe shi da duwatsu, sau uku jirgin ruwa ya fashe da shi, ya yi kwana da yini a cikin teku. Ga yunwa, ga ƙishirwa, ga rashin barci, ga sanyi, ga nauyin ikkilisiyoyi a zuciya kullum. Wannan mutumin ne aka ba wata ƙaya a jiki. Bai gaya mana ko mece ce ba, kuma ina ganin hikimar Allah a cikin wannan shirun, domin kowane mai ɗauke da tasa ƙayar yana iya samun kansa a wurin. Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire ta. Amsar da ya samu ita ce, “Alherina ya ishe ka,” domin a cikin rashin ƙarfi ikon Ubangiji yake cika.

Ku lura, an amsa masa. Ba a yi banza da shi ba, ba a kuma tsawata masa don ya roƙa ba. Ƙayar dai ta zauna, shi kuma ya ci gaba da tafiya da ita a jiki, yana kafa ikkilisiyoyi, yana rubuta wasiƙun da har yau muke karantawa. Da Bulus yana cikin wasu ikkilisiyoyinmu na yau, ina tsoron da an ware shi gefe an ce akwai abin da bai furta ba, ko akwai wata la'ana ta gado da ba a karya ba. Shi kuwa cewa ya yi sa'ad da yake rarrauna, a sa'an nan ne yake da ƙarfi. Abin da dattijon nan mai ninkakkiyar takarda yake bukatar ji ke nan: alherin da ya cece shi bai ƙare a ranar da ya tuba ba, yana nan yana ɗauke da shi a layin asibiti, kuma raunin jikinsa ba shaida ba ce cewa an yashe shi.

Akwai ayoyi biyu da muke ƙauna ƙwarai, amma an raba su da gidajensu. Ta farko Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, shirin alheri ne, ba na masifa ba. Aya ce mai daɗi, kuma gaskiya ce. Sai dai mu tuna wa aka rubuta wa. Wasiƙa ce da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Aya ta 10, wadda ke manne da ita, cewa ta yi sai shekara 70 ta cika. Mai shekara arba'in da ya ji an karanta wasiƙar ya san ba zai ƙara ganin gida ba. An ce musu su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a.

A sura ta 28 kuwa akwai wani annabi, Hananiya, wanda ya kawo saƙon da kowa ke son ji. Ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da waɗanda aka kwashe. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. Irmiya da kansa ya ce amin, Ubangiji ya sa haka, domin shi ma ba ya jin daɗin wahalar mutanensa. Amma daga baya Ubangiji ya aiko shi ya gaya wa Hananiya cewa bai aike shi ba, kuma ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya. Hananiya ya mutu a wannan shekarar, a wata na bakwai. Ba a dawo da kowa cikin shekara biyu ba. Abin da ya biyo baya ma ya fi muni, domin a 586 aka ƙone Haikalin kansa. Ku yi tunanin halin da waɗanda suka kafa zuciyarsu kan shekara biyun nan suka shiga. Iyayenmu, ban kawo wannan don in kira wani annabin ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Na san da yawa daga cikinku tausayi ne ke sa ku yanka wa mai wahala wa'adi, kuna so ya koma gida da sanyin zuciya. Amma wa'adin da Allah bai yanka ba, in ya cika ba a ga komai ba, sunan Allah ne ke shan zargi a zuciyar mutumin.

Ta biyun ita ce Filibiyawa 4:13, cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni. Muna rubuta ta a kan duk abin da muke son cin nasara a kai. Bulus a tsare yake lokacin da ya rubuta ta, kuma ayoyin da ke gabanta sun faɗi abin da yake nufi da “kome”: ya san zaman ƙunci, ya san zaman yalwa, ya koyi asirin ƙoshi da yunwa, samu da rashi. Aya ce ta mai jurewa. Wanda aikinsa ya tafi, yara na kallonsa, ya fi kowa haƙƙi a kanta.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa ceton Allah ba kamanni ɗaya yake zuwa da shi ba. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku da dare. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu, kuma babu inda aka ce Yakubu ya gaza Bitrus bangaskiya. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda ta bangaskiya suka rufe bakin zakoki, suka kashe ƙarfin wuta, suka tsere wa kaifin takobi, sai a tsakiyar aya ta 35 ta juya ga waɗansu da aka azabtar, aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Shadrak, Meshak da Abed-nego sun gaya wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, sannan suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mun iya rabin farko na wannan amsar. Rabin na biyun nake roƙo ku koya mana, domin shi ne ke riƙe mutum in dare ya yi tsawo.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Na taɓa zama a gidan da aka yi rashin yaro bayan doguwar jinya. Uwar tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, rigar yaron a kan cinyarta, tana ninkewa tana warwarewa ba ta ma san tana yi ba. Wani mai wa'azi da ya zo ta'aziyya ya buɗe baki ya ce ta binciki kanta da kyau, domin Allah ba ya barin irin wannan ya faru haka kawai, wataƙila akwai ƙofar da ta buɗe wa Shaiɗan. Ba ta ce uffan ba. Hannunta ne kawai ya tsaya a kan rigar. Ban ga mugunta a fuskar mutumin ba, abin da aka koya masa ne ya faɗa. Amma ya ɗora wa uwar da ta binne ɗanta laifin mutuwarsa, da sunan Allah.

Abokan Ayuba uku sun yi abu mafi kyau a kwana bakwai na farko, lokacin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce masa kome, don sun ga baƙin cikinsa ya yi yawa. Da suka buɗe baki ne suka ɓata, suna ta nema masa zunubin da zai bayyana wahalarsa. A ƙarshen littafin, a 42:7, Ubangiji ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta jayayya da Allah, shi aka ce ya faɗi daidai. Almajirai ma sun yi wa Yesu irin wannan tambayar a Yahaya 9, a kan mutumin da aka haifa makaho: shi ne ya yi zunubi ko iyayensa? Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Na sani akwai wahalar da zunubi ke jawowa, kuma aikinku ne ku kira mu ga tuba, kada ku fasa. Amma ba a ba kowa izinin duban hawayen mutum ya karanto zunubinsa a ciki ba.

Ku kuma ba mu izinin kuka a gidan Ubanmu. A cikin Zabura 150 da Allah ya ba mu mu yi addu'a da su, da yawa kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 ta tambayi “har yaushe” sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ta fara da kiran Ubangiji Allahn cetona, ta yi ta kuka har ƙarshe, ta rufe da duhu ba tare da an ga haske ba, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga ya kamata a cire ta ba. Mai wannan zaburar bai bar Allah ba, ai da Allah yake magana. Wanda ya yanke ƙauna ba ya ƙara kira. Ubangijinmu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. A Getsamani ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uba. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Luka ya ce mala'ika ya bayyana daga sama yana ƙarfafa shi, ya tashi ya je ya sha. A kan gicciye kuma da farkon Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. In Ɗan Allah ya yi irin wannan addu'a, me ya sa muke hana gwauruwa kuka, muna ce mata Kirista ba ya haka? Bulus bai ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi shi kamar waɗanda ba su da bege. A sujadarmu kusan duk waƙoƙin na nasara ne. Ku sa mana ko da zaburar kuka ɗaya a karanta da murya a gaban jama'a, don mai nauyin zuciya ya ji cewa akwai kalmomin da aka tanada dominsa.

Akwai kuma waɗanda ciwonsu ba ya fitowa a hoton asibiti: damuwa mai tsanani, rashin barci, jin cewa rayuwa ba ta da amfani. Iliya, bayan babbar nasarar Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel ya shiga jeji ya zauna gindin wani itace ya roƙi mutuwa, ya ce ya isa haka. Ku duba yadda Allah ya bi da shi a 1 Sarakuna 19. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci, aka ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Horeb aka yi masa magana, aka ba shi aiki, aka ba shi Elisha, aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Allah ya san mu ƙura ne. Don haka in ɗan'uwa ya zo muku da irin wannan nauyi, ku yi masa addu'a, ku kuma raka shi wurin likita. Kada ku bari kowa ya ajiye maganinsa don ya nuna bangaskiya. Bulus ya shawarci Timoti kan abin da zai yi saboda cikinsa da yawan laulayinsa, ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, kuma Luka abokin tafiyarsa likita ne. A 1527, da annoba ta shiga Wittenberg a Jamus, Martin Luther ya ƙi barin garin, ya zauna yana hidima ga marasa lafiya, amma ya rubuta cewa a sha magani, a tsabtace gidaje, a guji shiga inda ba a bukatar mutum, ya kuma ɗauki ƙin yin haka a matsayin gwada Allah.

Sau da yawa ƙarfin da Allah ya alkawarta ta hannun ɗan'uwa yake isowa. Bulus ya ce da suka isa Makidoniya ba su sami hutu ba, faɗa a waje, tsoro a ciki, amma Allah mai ta'azantar da ƙasƙantattu ya ta'azantar da su da zuwan Titus. Mutum ne ya shigo ta ƙofa, kuma Bulus ya kira wannan aikin Allah. Da Agabus ya yi annabcin yunwa a Ayyukan Manzanni 11, masu bi na Antakiya kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus. A tsakiyar ƙarni na uku, wajen shekara ta 250 zuwa gaba, wata muguwar annoba ta ratsa daular Rum. Kiristocin Kartaj a Arewacin Afirka sun damu da ganin cewa cutar tana kashe su kamar yadda take kashe kowa. Bishop ɗinsu Sifiriyan bai yi musu alkawarin cewa za ta tsallake gidajensu ba. Ya tuna musu cewa muddin suna cikin wannan jiki, abin da ke samun 'yan Adam zai same su, ya kafa idonsu kan rai madawwami, ya kuma tura su jinyar marasa lafiya, har da waɗanda ba Kiristoci ba. Shi kansa an fille masa kai a 258 saboda bangaskiyarsa. Wasiƙar Yakubu ta riga ta tambaye mu amfanin ce wa mai yunwa da tsiraici ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba tare da an ba shi kome ba. Ikkilisiyar da ke wa'azin dogara ga Allah dole ta san sunayen gwaurayenta da marayunta da waɗanda suka daina zuwa sujada saboda kunyar halin da suke ciki.

A nan dole in faɗi wata magana mai ɗaci, ku gafarce ni. Karɓar kuɗi daga hannun mai wahala da alkawarin cewa shi ne zai buɗe masa ƙofar sama zalunci ne, ko da wane suna aka sa masa. Bayarwa ibada ce, muna yinta da murna. Amma Elisha ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman bayan ya warke, Gehazi da ya bi shi a baya ya karɓa kuwa da kuturta ya ƙare. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci kyautar Allah abin saye ce. Na san yawancinku ba ku yin wannan, wasunku ma daga aljihunku kuke ciyar da mabukata. Roƙona shi ne ku tsawata wa masu yi, a fili, domin shirunku ne ke ba su wurin zama.

Kada a fahimce ni kamar ina cewa a daina roƙon warkarwa ko a daina sa rai. A'a. Yakubu 5 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, kuma ina so ku riƙa zuwa in mun kira. Mu roƙa da gaba gaɗi, mu yi ta ƙwanƙwasawa. Abin da nake nema shi ne a kafa begenmu a kan abin da aka riga aka gama, wato gicciye da kabarin da ba kowa a ciki. Wanda bai hana Ɗansa ba, ya ba da shi dominmu duka, ba zai yi mana rowar abin da muke bukata da gaske ba. A Romawa 8 Bulus ya jera ƙunci, da masifa, da tsanani, da yunwa, da tsiraici, da hatsari, da takobi. Bai ce ba za su zo ba, ai yawancinsu sun riga sun same shi. Cewa ya yi ba ɗayansu da zai iya raba mu da ƙaunar Almasihu, kuma a cikinsu ne, tun ba mu fita ba, muka fi gaban masu nasara. A wannan surar ce kuma ya ce in mun rasa yadda za mu yi addu'a, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su furtuwa. Wanda ciwo ya hana shi haɗa kalma biyu ta addu'a ya kamata ya ji wannan daga bakinku. Habakkuk ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da amfani ba, ko garke ya zama wayam, zai yi murna da Allah Mai Cetonsa, kuma Ubangiji ne ƙarfinsa. Ba a kai wa nan da kirari. Makiyayi ne ke kai tumaki can a hankali, da koyarwar gaskiya mako bayan mako, tun kafin ranar ta zo.

Ku ma, iyayenmu, mun san kuna da taku ƙayar. Kuna binne 'ya'yan mutane kuna ta'azantar da su alhali wani a cikinku nasa ɗan yana kwance. Mun ɗora muku nauyin zama marasa gajiya, kuma wannan ba adalci ba ne. Bulus bai ji kunyar rubuta wa Korantiyawa cewa a Asiya an matsa musu fiye da ƙarfinsu har suka fid da rai ba, ya ce hakan ya faru ne don kada su dogara ga kansu, sai ga Allah mai ta da matattu, ya kuma nemi su taimaka masa da addu'a. In kun gaji, ku faɗa mana. In akwai addu'ar da kuka daɗe kuna yi ba ku ga amsarta yadda kuke so ba, ku ba mu wannan shaidar ma daga mumbari, mu ji yadda Ubangiji ya riƙe ku a ciki. Ba za ku ragu a idonmu ba, kuma za mu san abin da za mu roƙa muku.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku da iyalanku.

Naku cikin Almasihu,
ɗaya daga cikin 'ya'yanku a ikkilisiya.